A Koya Mana Abin Yi Kafin Motar Asibiti Ta Iso

Assalamu alaikum Edita, ranka ya dade. Ina fatan kana lafiya kai da sauran ma'aikata, ya aiki ya kuma hakuri da mu masu karatu. Don Allah ka dan bani fili a wannan jarida tamu in fadi wata magana da ta dade tana ci min rai, akan jami'an bada agajin gaggawa, wato mutanen NEMA da SEMA ta jihohi da duk wanda aka dorawa nauyin tunkarar bala'i in ya sauka, musamman irin bala'in da dan adam ke kullawa da hannunsa, tashin bam ne ko harbin kan mai uwa da wabi a kasuwa ko masallaci ko coci ko tasha. Allah Ya kare mu baki daya.

Ni ba ma'aikacin gwamnati bane, dan kasuwa ne ni, kuma na haura shekara ashirin ina sa kakin agaji a masallacin unguwarmu, ranar Juma'a mu gyara sahu mu tsare hanya, ranar Idi haka, in an yi rasuwa mu ne a makabarta. Ranar 28 ga Nuwamba 2014 ina sahun waje a babban masallacin Juma'a na cikin birnin Kano, an tada sallah kenan muka ji kara, kafin mu gane me ke faruwa wata ta sake tashi sai kuma harbi ya biyo baya. Mutum sama da dari suka rasu a ranar, Allah Ya jikansu Ya karbi shahadarsu. Abinda nake so in baka labari shine wani saurayi da na tarar a kwance kusa da inda aka jera takalma, sanye da farar shadda, ba zai wuce shekara ashirin da biyar ba, wani karfe ya same shi a cinya jini na ta bulbula kamar an kunna famfo. Idonsa biyu, yana magana dani sarai. Na cire hiramin da ke kafadata na daure masa a kan ciwon, daurin da nake ganin ya yi, muka cicciba shi ni da wani bawan Allah da ban sani ba muka sa shi a Adaidaita Sahu tare da wasu mutum biyu. Hanya ta cushe, kowa gudu yake, masu zuwa neman 'yan uwansu suna shigowa masu tsira suna fita, babu mai bada hannu. Yana ta cewa in bashi ruwa, na sayi fiya wata ta taga na bashi, yace in kira masa mahaifiyarsa yana fado min lambar yana mantawa. Kafin mu isa asibiti ya daina magana, hiramin nan ya jike jagab har jini na diga a kan kafata.

Sai bayan kusan shekara uku, a wani horo na kwana biyu da wata nas ta bamu a harabar wata firamare, na ga yadda ake yi. Ashe ba a kan ciwon ake irin wannan daurin ba, sama da shi ake yi ta bangaren jiki, kamar tazarar yatsu uku ko hudu, ba a kan gwiwa ko gwiwar hannu ba, a zura sanda ko wani karfe mai kwari a cikin kullin a dinga murdawa har sai jinin ya tsaya cak ko da mutum yana ihu, a rubuta lokacin da aka daure, kuma kar a kwance sai a gaban likita. Tace in babbar jijiya ce ta tsinke mutum zai iya karewa cikin minti biyar, kuma ba a bawa mai irin wannan rauni ruwa don wata kila tiyata za a shiga da shi. Wallahi Edita a wurin na fashe da kuka a gaban yara 'yan agaji. Na yarda ajali in ya zo babu makawa, kwanansa ne ya kare, amma Manzon Allah (SAW) cewa ya yi da mai rakumi ya daure shi sannan ya yi tawakkali, ni kuma a ranar ban san yadda ake daurin ba, kuma abu ne da aka koya min cikin minti ashirin.

Tun daga nan nake tambayar kaina, aikin waye ya koya min wannan tun kafin ranar? Amsar da na tsaya a kai ita ce aikin jami'in agajin gaggawa ne, kuma a ganina ma shine babban aikinsa a wannan zamanin.

In aka duba tarihi za a ga daga ina matsalar ta faro. A 1976 gwamnati ta kafa hukumar NERA, aikinta kawai tara kayan tallafi da raba su in an yi fari ko ambaliya ko gobara. A 1999 aka sauya ta da NEMA, aka fadada mata aiki ya hada da shiri tun kafin abu ya faru da rage barna da ceto da farfado da mutane bayan an gama, aka kuma ce kowace jiha ta yi tata. A takarda kenan. Amma a idon talaka, kai har a idon gwamnoni da yawa, har gobe in kace SEMA abinda ke zuwa a rai buhun shinkafa ne da katifa da bandir din kwano da jarkar mai, a jera a fili a kira 'yan jarida. Ba wai ina raina wannan bane, wanda gidansa ya kone ko ya gudo daga kauyensu da kayan jikinsa kadai ya san darajar bargo daya. Amma shinkafa tana zuwa ne bayan kwana uku, shi kuwa mai zubar jini minti biyar gare shi.

Kuma mun samu gargadi tun kafin Boko Haram. A Janairun 2002 da rumbun makamai ya fashe a barikin Ikeja a Legas, mutum sama da dubu suka mutu, akasarinsu ba bam ne ya taba su ba, gudun tsira suka yi cikin rudani suka fada wata magudanar ruwa, saboda babu wanda ya fito da wuri ya gaya musu me ke faruwa da inda za su nufa. A watan Mayun shekarar jirgin EAS ya fado a Gwammaja nan Kano, wadanda suka fara tono mutane daga baraguzai 'yan unguwa ne da hannayensu. Daga 2011 kuma abin ya sauya kama gaba daya, aka kai hari hedikwatar 'yan sanda a Abuja a watan Yuni, ginin Majalisar Dinkin Duniya a watan Agusta, cocin Madalla ranar Kirsimeti, sai mu nan Kano ranar 20 ga Janairu 2012 inda aka rasa mutum kusan 185 a yini guda. Jami'in da aka dauka aiki don kirga gidajen da ruwa ya rusa sai gashi an tura shi tsintar sassan jikin mutane a tashar Nyanya ta Abuja. Ina jinjina musu da gaske, da su da 'yan Red Cross da 'yan kwana-kwana da sibil difens da 'yan rod sefti, na gansu da idona suna aikin da ba kowa zai iya ba, wasunsu ko safar hannu ta kirki babu. Sun koyi aikin ne a cikin wuta, kuma abinda suka koya bai kamata ya tafi da su fansho ba.

Bambancin ambaliya da dan ta'adda shine ruwa baya kallonka, baya shirya maka tarko. A kasuwar Taminus ta Jos ranar 20 ga Mayu 2014 bam na farko ya tashi, mutane suka rugo taimako, wasu kuma kallo, bayan 'yan mintuna na biyu ya tashi a cikinsu, aka rasa mutum 118. Shekara goma bayan nan a Gwoza, ranar 29 ga Yuni 2024, mata 'yan kunar bakin wake suka tada bam a wurin biki, sannan aka sake tada wani a wurin jana'izar wadanda aka kashe a bikin. Kaga kenan sun san halinmu, sun san Bahaushe da Babarbare da duk dan arewa in ya ji dan uwansa cikin wahala ba ya iya tsayawa, kuma da wannan halin namu na kirki suke kashe mu. Toh wa zai gaya wa jama'a cewa in abu ya tashi ba kowa ne zai ruga ba, mutum goma da suka san aiki su shiga sauran su ja baya su bude hanya, kar a taru a kan gawa, kar a taba jaka ko mota da aka bari, kuma jana'izar irin wannan rana sai an tsare ta? Soja ba zai zauna yana koya wa 'yan kasuwa wannan ba, aikinsa daban ne. Dan sanda kuma, mu fadi gaskiya, mutane da yawa ba sa sakin jiki da shi. Jami'in agaji shi ne a tsakiya, ba ya rike da bindiga, kowa na iya zama da shi a tabarma daya.

Shi yasa nake ganin abu na farko da za a duba in za a dauki mutum wannan aikin yanzu shine ya iya koyarwa, da yaren mutanen wurin, ba wokshop a otal da turanci da satifiket ba. Muna da 'yan agaji ko ina, na Jama'atu, na Fityanul Islam, na Izala, ga Boys Brigade a coci, ga 'yan Hisba, ga 'yan bijilanti da 'yan kato da gora, ga 'yan yuniyon a kowace tasha, ga masu Adaidaita wadanda duk ranar da abu ya faru su ne ambulan din gaskiya. Wadannan mutanen suna da kaki, suna da shugabanni, suna fareti duk sati, ba sai an kirkiro wata sabuwar kungiya an ware mata kasafi ba. Abinda ya rage kawai a zo a koya musu danne ciwo da tsumma mai tsabta da karfi ba dagawa, da daurin nan da na fada, da kwantar da wanda ya suma ta gefe don kar ya shake da amai ko jini, da barin karfen da ya shige jiki a inda yake kar a zare, da kuma abinda nas din nan ta nanata mana, cewa wanda ke kurma ihu yana numfashi, a fara duba wanda ya yi shiru. A Amurka bayan harin gudun fanfalaki na Boston a 2013, inda mutum uku suka mutu sama da 260 suka jikkata, an lura cewa duk wanda ya isa asibiti da rai ya rayu, kuma daurin da mutanen wurin suka yi da bel da riguna ya taimaka, daga baya a 2015 gwamnatinsu ta kaddamar da shirin koya wa mutanen gari tsayar da jini. Su da suke da motocin asibiti a kowace kusurwa sun ga sai sun koya wa talaka, ina ga mu.

Sai maganar jituwa da jami'an tsaro, nan ma akwai gyara sosai. A watan Yunin 2019 aka kai hari gidan kallon kwallo a Konduga, mutum 30 suka rasu, kuma shugaban ayyukan SEMA ta Borno a lokacin, Usman Kachalla, ya fito ya fada wa 'yan jarida cewa rashin asibitin da zai iya daukar irin wannan a garin da kuma jinkirin samun izinin jami'an tsaro kafin su taso daga Maiduguri suna cikin abinda ya kara yawan mamatan. Konduga bata kai kilomita 40 daga Maiduguri ba. Ban zargi soja ba, hanya ce mai hadari da daddare kuma suna da dalilinsu, amma irin wannan ba ranar da abu ya faru ake fara tattauna shi ba. Kamata ya yi tun ana zaune lafiya jami'in agaji ya san kwamandan yankin ido da ido, suna da lambar juna, an yi yarjejeniya a rubuce cewa in kaza ya faru da dare ga wanda zai bada izini ga motar da zata yi rakiya, kuma an gwada a atisaye an ga inda yake tangarda. Ko Ingila ta fada irin wannan ramin, a harin Manchester na 2017 'yan kwana-kwana sun kai awa biyu basu shiga wurin ba saboda rashin fahimtar juna tsakaninsu da 'yan sanda, amma su sun zauna sun yi bincike a bainar jama'a aka fadi laifin kowa don a gyara. Mu fa, bayan an yi jana'iza an yi ta'aziyya, wa ke zama ya rubuta abinda ya tafi daidai da wanda ya kuskure don na baya su karanta?

Asibiti ma haka. A ranar masallacin nan kusan kowa asibiti daya ya nufa, wanda yafi kusa kuma wanda kowa ya sani, mutane kwance har a kasa a baranda, likitoci da nas nas suna iya kokarinsu amma hannu nawa gare su, aka dinga shela a rediyo ana neman jini. Da akwai mutum daya a bakin hanya da ya san asibiti kaza yana da dakin tiyata nawa, kaza na kashi ne, kaza yana da jini a ajiye, yana cewa ku ku bi nan ku kuma can, da an rage cunkoson. Wannan ilimin mutum daya ne ya kamata ya rike shi a aljihu, tare da jerin sunayen masu bada jini na kowace unguwa da rukunin jininsu. Sannan mutane da yawa har yau suna tsoron daukar wanda aka harba saboda kar a ce sai sun kawo takardar 'yan sanda ko a tsare su, alhali tun 2017 akwai doka da ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kudi, ya karbi mai harbin bindiga ya fara yi masa magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ko kudin ajiya ba, dokar lafiya ta kasa ta 2014 ma ta hana a ki karbar mara lafiya na gaggawa. Direban Adaidaita nawa ne ya san da wannan? Lambar gaggawa ta 112 da ake kira kyauta, shiga kasuwa ka tambayi mutum goma kaji nawa zasu fada maka ita.

Akwai kuma harshe, wanda ni a wurina ya kai tsayar da jini muhimmanci. A watan Yunin 2012 da aka kai hari coci-coci a Zariya da Kaduna, abinda ya biyo baya na ramuwar gayya ya ci rayukan mutanen da basu ji ba basu gani ba, matafiya da masu neman abinci. Yanzu kuma ga WhatsApp da Facebook da TikTok, kafin hayaki ya lafa an riga an yada tsohon bidiyo daga wata kasa an ce nan ne, an ninka adadin mamata sau biyar, an fadi kabilar da ta yi. Jami'in agaji na yau dole ya iya fitowa cikin awa daya a Freedom ko Rediyon Kano ko duk tashar da mutanensa ke ji, ya fadi abinda aka tabbatar, ya fadi hanyar da aka rufe, ya fadi inda iyaye zasu je duba sunayen 'ya'yansu maimakon su bi asibiti asibiti da mutuware suna daga mayafi, kuma limami da fasto da mai unguwa su ji daga bakinsa kafin su ji a waya. In mutane suka kama shi da rage adadi sau daya don a faranta wa na sama, shikenan ba zasu kara yarda da shi ba ko ranar da yake fadin gaskiya. Kuma ya yi shirin ranar da babu netwok, don mun gani an kashe layukan waya a Borno da Yobe da Adamawa a 2013, an kashe a Zamfara a 2021, a irin wannan rana sai lasifikar masallaci da mai shela da dan acaba.

Wani abu da ba a cika fada ba shine mata. Tun 2014 da aka fara daura wa mata da kananan yara bam, kamar yadda aka yi a Kantin Kwari a Disambar shekarar da kuma sansanin 'yan gudun hijira na Dikwa a Fabrairun 2016, ya zama dole a samu mata masu bincike a kofar kasuwa da wurin biki, namiji ba zai laluba matar mutane ba. Haka wajen ceto, na ga maza sun tsaya cirko cirko a kan mace mai rauni a kirji ko cinya kowa na jin nauyin ya taba ta, alhali malamai sun yi bayani lalura tana halatta wannan, amma kunya ce ta dabi'a. Maganinsa a horar da mata da yawa, malaman Islamiyya, ungozomomi, 'yan kungiyar mata musulmi ta FOMWAN, zumuntar mata ta coci, masu abinci a tasha, kuma a dauki mata aikin a SEMA ba a ofis kadai ba har a fili. Tunda a 2024 an dora mace a kan NEMA, Hajiya Zubaida Umar, ina fatan wannan zai samu kunnen sauraro.

Nasan wasu zasu ce wannan fatan tsiya ne, ana zaune kalau a tara mutane ana koya musu abin bam, za a firgita jama'a. Ni dai abinda na gani wanda ya san abin yi yafi nutsuwa, firgici na wanda bai sani bane, irin nawa a cikin Adaidaitar nan. Kuma ilimin ba na bam kadai bane. Daurin da zai ceci wanda bam ya taba shi zai ceci wanda ya yi hadari a hanyar Zariya, da wanda 'yan daba suka sara, da wanda 'yan bindiga suka harba a gona a Katsina ko Zamfara inda babu asibiti kusa. Amurka ta yi kuskuren karkata komai ga ta'addanci bayan harin 11 ga Satumba 2001, aka cusa hukumar agajinsu ta FEMA cikin sabuwar ma'aikatar tsaron cikin gida a 2003, da guguwar Katrina ta zo a 2005 aka ga yadda ta kasa. Mu ma Maiduguri da ta sha bama-bamai sama da shekara goma, a Satumbar 2024 madatsar Alau ce ta balle ta cinye gari, har sai da aka sake bude sansanin 'yan gudun hijira na Bakassi da aka rufe. Mutanen da suka san unguwa lungu lungu, suka san gidan da akwai tsohuwa ko gurgu da ba zai iya gudu ba, su ne ake bukata a duka biyun.

Inda abin yafi ciwo shine karamar hukuma. Tsarin da NEMA ta fitar ya tanadi kwamitin agajin gaggawa a kowace karamar hukuma, muna da 774 a kasar nan, 44 a Kano kadai. Ni dai shekara ashirin ina agaji ban taba ganin wani ya zo masallacinmu yace daga wannan kwamitin yake ba, ko ya tambaye mu kofa nawa gare mu, ko ina zamu tara mutane in abu ya faru. A makarantar da 'ya'yana suke kofa daya ce tal, ta karfe, da kwado, yara sama da dari biyar, bayan duk abinda muka gani a Buni Yadi da Chibok da Potiskum da Kankara da Kuriga. Na yi wa hukumar makarantar magana sau biyu. Wannan ba sai an jira Abuja ba, mutum daya mai lura da ciyaman zai bawa mashin da mai ya zagaya makarantu da masallatai da kasuwanni zai gano irin wadannan guda dari cikin wata daya. Kuma don Allah a daina bada kujerun nan a matsayin sakayyar siyasa. Akwai cibiyoyin koyar da wannan fanni a jami'o'i irin ABU Zariya da Jami'ar Maiduguri da ta Minna, yaranmu sun karanta sun fito, ga kuma tsofaffin ma'aikatan da suka yi aikin Borno da Yobe da Adamawa suka rike sansanoni a lokacin da mutum sama da miliyan biyu suka bar gidajensu, a cikin wadannan ya kamata a zaba.

Su kansu ma'aikatan da mu 'yan sa kai akwai abinda ke bin mu gida. Na dauki watanni bana iya bacci sosai, in taya ta fashe a titi sai jikina ya dau rawa, warin nama a wuta ma sai da na daina iya jurewa na wani lokaci, ban gaya wa kowa ba sai maidakina saboda a wurinmu namiji baya fadin irin wannan. Addu'a ta taimake ni kwarai, amma da akwai wanda ya tara mu bayan sati daya ya ce abinda kuke ji ba hauka bane kuma ga likitan da zaku gani in ya ki wucewa, da wasu abokaina basu ajiye kakin ba. Biyu daga cikinsu basu kara sawa ba har yau.

Rokona ga shugabannin SEMA na jihohinmu, su ware ko da Asabar daya a wata su fito unguwanni da nas daya da bandeji da tsummokara da 'yan sanduna, ba sai an kashe kudin otal ba. Mu a unguwarmu mun kusa talatin masu kaki, filin firamare na nan, tabarma da ruwan sha mu zamu kawo, masu Adaidaita na bakin layinmu ma na yi musu magana sun ce zasu zo in an sa rana, mata kuma malamar Islamiyya tace zata tara su a aji daya. Kai kuma Edita ina rokonka ka samu likitan imajansi ya zana muku yadda ake daurin nan da yadda ake kwantar da wanda ya suma, hoto hoto da bayani da Hausa, ku buga a shafi guda cikakke tare da lambar 112, zan sayi kwafi ashirin da kudina in lika a kofar masallaci da tasha da shagon mai shayi.

Na gode da wannan dama, Allah Ya kara daukaka. Wassalam.

Naka mai karatu kullum,
Wani dan agaji daga cikin birnin Kano.